Ƙafar Kwabo

Tudun Wada, Zariya
11 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata kuma abokiyar wasata, Beatrice,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da marasa lafiyarki da sanyin Mambila. Mu nan lafiya lau, sai hawan jinin uwargida Ishatu da ke tashi yana sauka. Damina ta kankama, kwatar layinmu ta cika har bakin gareji.

Kin san ba na saƙon murya. Wanda ya tsufa yana gyara rubutun 'yan jarida ba zai koma yi wa waya sambatu ba. Na rubuta da hannu, Ishatu za ta ɗauki hoton takardar ta tura, ki gani ranar da kika shigo Gembu kika sami sabis.

Zan fara da muhimmin labari, kamar yadda aka koya mana: Kwabo yana raye, yana cin abinci, amma an yi masa tiyata a kwatangwalon hagu.

Ga yadda aka yi. Na buɗe gareji zan share, ya sulale ta tsakanin ƙafafuna, wani mai Keke Napep ya buge shi. Abin da bai fi kyanwa girma ba, kin san ba sai an buge shi da ƙarfi ba. Na sa shi a kwali, na rufe da buhu, na fito neman abin hawa. Lawal tela yana bakin shagonsa da 'yan majalisa.

Ya ce, "Malam Nagoda, me aka samu a kwali?"

Na ce, "Zabbi ne."

Ban rufe baki ba kwalin ya yi haushi. Lawal ya ce, "Ikon Allah! Zabbin bana da murya suka zo." Ban waiwaya ba.

Likitan dabbobi a Samaru, wani matashi Dokta Adnan, ya ɗauki hoton ƙashin. Kan ƙashin cinya ya fita daga gurbinsa. Ya mayar da shi, ya sake gocewa, ya kuma mayarwa, ya kuma gocewa. Sai ya ce mafita ita ce a yanke kan ƙashin gaba ɗaya a jefar. Na ce to da me ƙafar za ta riƙe? Ya ce da nama: tsoka da tabon ciki su ne za su haɗu su zama sabuwar gaɓa, kuma ƙananan karnuka sun fi manya dacewa da wannan aiki saboda ba su da nauyi. Na neme ki a waya ban samu ba, na sa hannu a madadinki.

Na san abin da Kwabo yake a wurinki. Karen marigayi mijinki Kato ne, shi ke kwanciya a ƙarƙashin kujerarsa har ranar da ya rasu. Kin ba ni amanarsa ta shekara guda, ga shi ban cika wata uku ba na mayar miki da shi ba cikakke ba. Ki yi haƙuri.

Yayanki,
Nagoda

*

Kusa da Gembu
24 ga Yuni

Yaya Nagoda,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti Ishatu, Allah ya saukar mata da jinin nan. Ni lafiya, sai tari irin na baƙon dutse.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin wani shagon caji, na yi kuka, mai shagon ya ɗauka rasuwa aka yi mini. Da ya tambaya, na ce ɗan'uwa ne aka yi wa aiki. Ka ga ni ma ban iya cewa kare ba.

Babu laifinka. Kwabo ɓarawon ƙofa ne tun yana ƙarami, Kato ma ya sha bin sa har titin Kwangila da silifas ɗaya. Kuma ka yi daidai da ka sa hannu. Zabbi kuwa, Yaya! Kakanka da kakata uwa ɗaya uba ɗaya, amma ƙarya a ɓangarenku ta tsaya.

Abu ɗaya nake roƙo: duk abin da likita ya ce, a bi. Na san na ɗora maka abin da ba a ɗora wa mutum irinka a unguwa irin taku. Idan ya yi maka nauyi ka faɗa mini, in sa ɗana Kenneth ya nemo wanda zai karɓe shi cikin mutanenmu.

Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da gari. Yau ma a kwalekwale na haye. Idan ka ji ni shiru, dalilin ke nan.

Ƙanwarka,
Beatrice

*

Tudun Wada
9 ga Yuli

Beatrice,

Gaisuwa da fatan tarin ya sake ki. Ishatu ta samu sauƙi, tana gaishe ki.

Na karanta "mutanenmu" ɗin nan naki har na haddace. Ban san cewa akwai mutanenku da ba mu a ciki ba. Kwabo ba ya zuwa ko'ina. Jinyar da yake samu a nan, ko ɗan mutum sai haka.

An cire zaren ɗinki, ciwon ya kame tsaf. Dokta Adnan ya ce daga yanzu a riƙa lanƙwasa ƙafar ana miƙewa, kuma a sa masa igiya a yi tafiya da shi a hankali safe da yamma, don ya riƙa takawa. Na gwada a cikin gareji. Da na kama ƙafar sai ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, kuma na ji cinyar tana lilo a hannuna kamar ba a haɗe take da jiki ba. Na tsaya na yi tunani. Tun ina yaro nake ganin ɗori. Ban taɓa ganin mai ɗori ya ce wa mai karaya tashi ka yi yawo ba. Ɗaurewa ake yi, a kwantar, a ciyar, har ƙashi ya kama. Haka Kaka take yi wa awakinta, kuma ba akuyar da ta gurgunce a hannunta. Likitan yaro ne, yana da karatu, amma yara akwai gaggawa.

Don haka na samo karan dawa, na fere, na jera a cinyar, na naɗe da tsohon rawanina. Ina kwancewa in gyara in mayar. Na sa shi a kwandon wanki, na shimfiɗa bargo. Ishatu tana dafa masa romon ƙashi, ko da yake da dogon ludayi take miƙo mini daga bakin ƙofa. Ba ya kuka yanzu. Ya yi ƙiba ma.

Maganar yawo da igiya kuwa, ki duba yadda gidan yake. Sharaɗin Ishatu tun farko shi ne kada ya taka tsakar gida, inda take girki da alwala. Gareji kuwa mota ɗaya ya ci, ga tarin tsofaffin jaridu. Ƙofarsa titi take kallo. Dama shagon Lawal, hagu masallaci. Kuma tun da liman ya fara ciwon ido, duk ranar da bai fito ba ni ake turawa gaba. Ina ganin hutun nan ya fi wa kowa alheri, har shi Kwabon.

Yayanki,
Nagoda

*

Gembu
16 ga Agusta

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Sai yau aka gyara gada, sai yau na ga takardarka.

Ka kwance wannan ɗaurin yanzu, kafin ka ƙarasa karanta wannan.

Ba karaya ba ce. Babu ƙashin da zai kama, an yanke shi an jefar, kai da kanka ka rubuta mini. Naman da likita ya ce zai zama gaɓa, motsi ne yake koya masa yadda zai zauna. Idan aka ɗaure shi, a ɗaure zai warke. Aikina ke nan, Yaya. Tsofaffin da aka yi wa aikin kwatangwalo, washegari muke tayar da su suna zaginmu, muna jan su. Wanda 'ya'yansa suka fi tausayi, suka hana a taɓa shi, shi ne ba ya sake tashi. Ka lissafa tun yaushe ƙafar nan take cikin rawaninka. In ta sandare, haka zai riƙa jan ta a ƙasa har ta yi gyambo, daga nan sai yankewa.

Kuma kada ka kawo mini awakin Kaka. Kai ne mutumin da ba ya barin waƙafi ya zauna inda bai dace ba. Ka ji bayanin likita, ka fahimta, ka rubuto mini shi daidai. Gaskiyar maganar tana sakin layi na ƙarshe na takardarka: dama Lawal, hagu masallaci.

Na san wannan jinyar, don an yi mini irinta. Duk zuwan da nake yi gidanka, ana dafa mini kaza, ana ba ni ɗaki mai kyau, ana cika mini jaka da tsaraba. Amma ba ka taɓa raka ni bakin titi ba. A zaure kake tsayawa ka ce in gaida gida. Ranar jana'izar Kato ka zo Wusasa, na gode, amma a mota ka zauna har aka fito daga coci. Mu ma a kwando kuke ajiye mu, da bargo da romo.

Ka kai shi wurin likita gobe.

Beatrice

*

Gembu
30 ga Agusta

Yaya Nagoda,

Gaisuwa. Na sake shigowa gari, na ga alamar an buɗe saƙona, ban ga amsa ba.

Abin da na faɗa a kan ƙafar yana nan. Sauran kuwa, ban san abin da ya hau kaina ba. Mutanen cocinmu kaf babu wanda ya karɓi karen nan, kowa da uzurinsa. Kai kaɗai ka ce in kawo, kana sane da abin da za a ce. Sannan na zauna a kan dutse ina yi maka wa'azi. Kunya ta hana ni barci.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Ko Anti Ishatu ta ce mini yana raye.

Ƙanwarka,
Beatrice

*

Tudun Wada
21 ga Satumba

Ƙanwata Beatrice,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Shiruna ba fushi ba ne. Ban so in rubuto miki alkawari ba, na fi so in rubuto rahoto.

Na kwance ɗaurin a ranar. Cinyar ta koma kamar karan da na ɗaura mata, gashin wurin ya zube, fatar ta yi ja. Da na ajiye shi a ƙasa sai ya ɗage ƙafar sama ya tafi da uku, da sauri, kamar da haka aka haife shi.

Dokta Adnan bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya shafa cinyar, ya lanƙwasa, ta ƙi. Ya ce, "Baba, wa ya ɗaure?" Na ce ni ne. Ya ce, "An yi ɗaurin da kyau kuwa." Ya koma ya wanke hannu. Bayan nan ya ce an yi asarar lokacin da ya fi muhimmanci, amma ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Ya ba da maganin ciwo. Ya ce in gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in lanƙwasa in miƙe ko yana kuka, sannan tafiya. Ya ce sirrin tafiyar shi ne jinkiri: in aka yi sauri, ƙaramin kare tsalle zai yi da uku, in aka ja shi a hankali ƙwarai, dole ya sauke ta huɗun. Kuma hawa ya fi shimfiɗaɗɗen wuri. Hawa ɗaya ne a layinmu, kin san shi, wanda ya wuce ta gaban shagon Lawal.

Ba zan ɓoye miki ba, na nemi hanyar zillewa. Na yi magana da wani mai gadi a unguwar Kongo da ya saba da karnuka, ya zo, Kwabo ya shige bayan jaridu ya ƙi fitowa. Wanda ya ɗaure shi kaɗai ya yarda da shi. Na gwada fita da sassafe, sai na tarar lokacin ne layin ya fi cika, masu dawowa daga masallaci da masu kai yara makaranta. Na koma ciki da igiya a aljihu. Kwana biyu ina haka. Na buɗe littattafai ma, na tabbatar wa kaina abin da na riga na sani, cewa a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, kuma jinyar dabbar da ke hannunka wajibi ce. Na rufe littafin na ga bai rage mini komai ba. Ba hukuncin nake tsoro ba, Lawal nake tsoro.

Ishatu ce ta gaji. Ta ce, "Malam, ko ka fita da shi ko ka daina zagaye gareji kamar mai naƙuda."

Na fita bayan la'asar. Ki yi tunanin dattijo da farin gemu da babbar riga, riƙe da igiya, a ƙarshenta wani abu fari mai gashi kamar audugar matashi, suna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Tafiyar da yaro zai yi kafin ya gama cin ƙosai ɗaya, mu sai da majalisa ta ƙare mana kallo, ta huta, ta sake.

Lawal ya tsayar da keken ɗinki. "A'a, Malam! Zabon ya girma."

Alhaji Mika'ilu mai hatsi ya ce, "Farauta za a je ne? A bar mana cinya."

Wani ya ce, "Ai na gadi ne. Ɓarawo na ganinsa dariya za ta kashe shi."

Na yi musu sallama, suka amsa. Mika'ilu ya daina dariya ya ce, "Tsakani da Allah, Malam, na wane ne?"

Ina da amsoshi da na tanada: na wani maƙwabci ne, na wani likita ne. Na ce, "Na ƙanwata ne, Beatrice, ta Wusasa. Amana ce."

Ya ce, "Au, kana da ƙanwa a Wusasa?"

Na ce, "Kakana da kakarta uwa ɗaya uba ɗaya."

Shekara ashirin muna sahu ɗaya da mutumin nan bai sani ba. Wannan ya fi maganar zabon ciwo, kuma ba shi ya jawo ba.

Ranar Laraba liman bai fito magariba ba. Aka tayar da iƙama, na ga ba wanda ya waiwayo inda nake. Ladan ya taɓa kafaɗar Jamaluddeen, malamin Islamiyya, ya wuce gaba. Ba wanda ya ce mini komai, kuma ba wanda zai ce. Yaron yana da karatu mai kyau. Na yi sallata a bayansa, kunnuwana suna zafi har aka sallame.

Game da takardarki ta 16 ga Agusta: na karanta ta da jan biro a hannu, irin na aiki, ina neman kuskure. Na sami ɗaya. Ba a mota na zauna ba ranar jana'izar Kato, a gindin mangwaro na tsaya. Sauran ban sami abin gyarawa ba.

Yayanki,
Nagoda

*

Gembu
8 ga Oktoba

Yaya,

Na gode Allah da kuke lafiya. Na karanta, na rasa inda zan sa kaina. Ban taɓa nufin ka rasa matsayinka a masallaci saboda karen mijina ba. Kato da kansa da ya hana.

Kenneth ya sami wata mata a Kaduna mai gida da fili, ta yarda ta karɓe shi ta ci gaba da tafiyar da shi. Wannan karon ba wai don ka gaza ba. Ka yi abin da ya wuce zumunci. Ka ce to kawai, direba ya zo ya ɗauka, kai kuma unguwa ta manta.

Ba ka faɗa mini ba: ya taka?

Ƙanwarka,
Beatrice

*

Tudun Wada
27 ga Oktoba

Beatrice,

Gaisuwa mai yawa. Ruwa ya ɗauke, jinin Ishatu ya daidaita, ni kuma gwiwoyina sun fi da, wanda ban sa a lissafi ba.

Na manta babban labari a takardar da ta wuce, abin da da na kori ɗan jarida a kansa. A lokacin bai taka ba. Yanzu yana takawa. Ya fara da taɓa ƙasa da farce kamar mai gwada zafin ruwa, a daidai tsakiyar hawan, inda ba shi da zaɓi. Lawal ne ma ya fara gani, ya yi ihu daga shago, "Ya sauke! Wallahi ya sauke!" sannan ya tuna ko shi wane ne ya koma kan ɗinkinsa.

Ga abin da likita ya ce, ba ƙari ba ragi. Ba za a yanke ba. Naman cinya yana dawowa. Amma ƙafar ba za ta miƙe kamar ɗayar ba, zai yi ɗingishi har ƙarshen ransa, kuma in ya yi gudu zai ɗage ta. Na tambaye shi ko da haka za ta kasance in da ban ɗaure ba. Ya ce, "Baba, ba na jin haka." Na gode masa da bai yi mini kara ba. Wannan ɗingishin nawa ne, kuma kullum ina bayansa ina kallo.

A gaya wa matar Kaduna an gode. Ba ya bin kowa sai ni, kuma in aka canza masa hannu yanzu zai koma ƙafa uku. Masallaci kuwa, Jamaluddeen ya zauna daram. Unguwa ba za ta manta ba ko an ɗauke shi yau, don haka babu abin da direba zai dawo mini da shi.

Kin ce za ki sami hutun Kirsimeti. Kada ki aiko kowa. Ki sauka a Tudun Wada da rana, ki ci kazarki, in an yi la'asar mu fita tare. Ke za ki riƙe igiyar, ni ina gefenki. Ki zo da takalmi mara tsini da haƙuri, don tafiyarsa a hankali take ƙwarai. Kafin mu kai kan hawan, babu wanda zai rage a layin nan bai gan mu ba.

Yayanki,
Nagoda